Asalin Toshe Jijiyar Mahaifa da Saɓanin da Ya Biyo Baya

Tun zamanin da likitocin Turai suka fara fiɗar mata, jinin da ke ɓallewa bayan haihuwa yana cikin abubuwan da suka fi tayar musu da hankali, domin idan ya ƙi tsayawa, to, sau da yawa sai dai su cire mahaifar ɗungurungum, su ceci rai, zuriya kuwa ta yanke. A 1953 wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Sven Seldinger, ya bayyana hanyar zura siririn bututu cikin jijiyar jini ta fata ba tare da an tsaga jiki ba, kuma a kan wannan asasi ne, cikin 1979, aka tsayar da jinin mai jego a Amurka ta hanyar toshe jijiyar da ke zubar da shi.

Amma al'amarin bai shahara ba sai a birnin Faris, inda Jacques Ravina da abokan aikinsa na asibitin Lariboisière suke toshe jijiyoyin matan da za a cire wa ƙarin mahaifa domin rage zubar jini lokacin fiɗa, sai suka lura cewa ƙarin, da ya rasa abin da ke ciyar da shi, yana motsewa da kansa, har wasu matan ba su ƙara bukatar wuƙa ba. Suka buga bayanin a mujallar Lancet a 1995.

Daga nan ne saɓani ya taso, kuma saɓani ne mai hujja. Jijiyar mahaifa tana da rassa da ke haɗuwa da na gidan ƙwai, saboda haka ƙananan ƙwayoyin da ake turawa domin toshe jijiyar kan ɓace hanya su raunana shi, har haila ta ɗauke kafin lokacinta, musamman ga wadda ta haura shekara 45. Haka kuma bangon ciki na mahaifa, inda ɗa zai zauna, yana iya samun illa, mabiya ta manne ta ƙi fita. Michal Mara ya gwada hanyoyin biyu, wato toshewa da fiɗar cire ƙari, a birnin Firag, ya tabbatar a 2008 cewa waɗanda aka yi wa fiɗa sun fi samun ciki, sun kuma fi ƙarancin ɓari. A 2010 Homer da Saridogan suka tattara rahotanni, suka sami ɓari ya kai kashi 35 cikin ɗari bayan toshewa, alhali ga masu ƙarin da ba a toshe musu ba bai wuce 17 ba.

Duk da haka mata da dama sun haihu lafiya bayan toshewar, kuma wani gwaji da aka buga daga Birtaniya a 2020 bai warware mas'alar ba, saboda ƙarancin waɗanda suka yi ciki a cikinsa. Ƙarin mahaifa ya fi yawa ga baƙar fata, don haka maganar ta shafe mu ƙwarai. Wadda jini ke neman hallaka ta bayan haihuwa a toshe mata babu jinkiri, amma mai ƙari da ke fatan haihuwa, galibin likitoci har yau fiɗar cire ƙarin suke fara ba ta shawara.