Masu Isar da Saƙo da Ƙwanƙwasa

Kun san mai kalangu yakan kira sunan mutum bai buɗe baki ba. Wanda ya san kiɗan ya amsa, wanda bai sani ba ya ce ganga ce kawai. To, ga tarihin wata magana irin wannan.

A shekara ta 1844 wani Ba'amurke, Samuwel Mors, ya aika saƙo ta waya daga Washinton zuwa Baltimo, tafiyar kilomita 60 da ƴan kai. Ba murya ke bin wayar ba, ƙwanƙwasa ce iri biyu, gajera da doguwa. Kowane harafi da nasa bugu. E gajera ɗaya. T doguwa ɗaya. A kuwa gajera, sannan doguwa. Namu ɓ da ɗ da ƙ ba su samu bugu ba, don masu tsara abin ba su san da su ba.

A 1901 Markoni, mutumin Italiya, ya sa harafin S, wato gajeru uku, ya ƙetare tekun Atlantika ba waya. Sai samari a Amurka suka shiga ƙera akwatunansu a gida, suna bugawa juna da dare. Ba mai biyansu, sha'awa ce. Amma hayaniyarsu ta yi yawa a iska. A 1912 jirgin ruwa Titanik ya nutse, mutum fiye da 1,500 suka mutu. Wajen 700 da suka tsira, kiran mai rediyon jirgin ne ya jawo musu ceto. A shekarar nan gwamnatin Amurka ta kafa doka: mai bugawa sai da takardar izini. Ta kuma kore masu sha'awa zuwa gajeren zango, wanda ake zaton ba ya da amfani. Ashe shi ya fi zuwa nesa. A 1923 Leyon Deluwa na garin Nis a Faransa ya yi hira da Fared Shinel na Amurka ta wannan zango.

Amma mu koma baya kaɗan. A 1914 Hiram Maksim, mutumin garin Hatfod, ya so ya aika saƙo garin Sifirinfil, wajen kilomita 40. Akwatinsa ya kasa kaiwa. Sai ya bugawa wani da ke tsakanin garuruwan biyu, shi kuma ya miƙa gaba. Saƙo ya isa. Daga nan Maksim ya kafa ƙungiyar ARRL ta masu miƙa saƙo hannu da hannu, kamar yadda mai gari ke tura wa mai gari labarin sarki. Da Amurka ta shiga yaƙin duniya a 1917 aka hana su bugu, sai a 1919 aka sake buɗe musu.

An ga amfaninsu ran wuya. A 1937 kogin Ohayo ya yi ambaliya, ruwa ya ci garuruwa, wayoyi suka tsinke. Su ne suka kwana suna isar da saƙon neman abinci da magani da labarin dangi.

A 1949 ƙungiyar ta tsara aikin sosai, kuma nan ne abin ya fi burge ni. Akwai taro a iska, mu kira shi zaure. An san sa'arsa, an san zangonsa. Mutum ɗaya ne mai zaure, ba mai bugu sai da izininsa. Ya buɗe, kowa ya faɗi lambarsa. Mai saƙo ya buga QTC, wanda ba ya da komai ya buga QRU. Mai zaure ya rubuta duka a takarda. Sannan ya haɗa mai saƙo da wanda zai karɓa, ya tura su gefe su gama, su dawo. Ba mai tashi sai an sallame shi. Saƙon nesa yakan hau daga zauren jiha zuwa babban zaure, ya sauko ta wancan ɓangare, har na ƙarshe ya kai shi gidan mai shi.

Ta yaya saƙon da ya bi hannu biyar ba ya canzawa? Ai kun san yadda maganar kasuwa ke ƙaruwa kafin ta kai gida. Dabararsu ƙidaya ce. Mai aikawa yakan ƙirga kalmomi, galibi ba su wuce 25 ba, ya buga adadin a kan saƙon. Mai karɓa ya rubuta harafi harafi, ya ƙirga. In bai yi daidai ba, a sake. Ko bai gane ma'anar ba, ba ya gyara komai. Ba a karɓar ko dala.

Sabon shiga ba ya jin kunya. In an yi masa sauri ya buga QRS, wato a hankali, sai gwani ya rage hannu. Har zaure na musamman ake yi wa masu koyo.

A 1999 manyan jiragen ruwa suka bar dogaro da Mors wajen neman ceto. A 2003 taron ƙasashe ya cire tilascin koyon sa ga masu neman izini. Duk da haka har yau akwai masu zama zauren nan da maraice, don ƙwanƙwasa tana ratsa hayaniyar da ke cinye murya, kuma ɗan batir ya ishe ta. Kowace ƙasa da farkon lambarta. In mai zaure ya ji lambar da ta fara da 5U, ya san daga Nijar ake bugowa. In za su rabu kuwa sai su buga 73, wato a gaida gida.