Kuɗɗi da tamaula: tun 1906 ake wannan gardama

Duk fadar da ka zauna ranar da anka buga babban wasa, kafin a sauke shayi na biyu sai gardamar nan ta taso. Wani ya ce Manchester City da PSG sayen kofi suka yi, ba cinsa suka yi ba. Wani ya ce to Real Madrid da addu'a take ɗauko 'yan wasa? Daga nan sai mai neman raba gardama ya ce a ƙayyade albashi kawai, kowa ya huta. To wannan magani da ake ganin sabo ne, an taɓa shan shi shekara 60 cur a Ingila. Bari mu koma baya mu ga wa ya warkar, wa kuma ya kwantar.

A 1885 Ingila ta halatta biyan ɗan wasa albashi. Ba a jima ba ƙananan ƙungiyoyi suka fara kukan da muke ji yau: masu hannu da shuni suna kwashe gwanaye. Shi ya sa a 1901 aka kafa doka cewa ba ɗan wasan da za a biya sama da fam 4 a mako. Ko kai ne gwanin gwanaye, fam 4 ɗin nan ce iyakarka.

Ku ji ƙungiyar da ta sha babban hukunci a kan wannan doka: Manchester City. Ta ci kofin FA a 1904, sai bincike ya biyo baya, aka gano tana ba 'yan wasanta ƙari a ɓoye. A 1906 aka dakatar da 'yan wasa 17, aka haramta wa mai horaswa Tom Maley harkar tamaula. Tauraronsu Billy Meredith da wasu abokansa suka tsallaka Manchester United, kuma da su United ta ci gasar Ingila karo na farko a 1908. Magoya bayan United da ke zolayar City yau, ku san da wannan a tarihinku.

Gaskiya dokar ta yi amfaninta. Tunda albashi ɗaya ne ko'ina, ɗan wasa ba shi da dalilin barin garinsu. Ƙananan garuruwa suka riƙe taurarinsu: Portsmouth ta ci gasa a 1949 da 1950, Burnley ta ci a 1960. Amma wa ya biya kuɗin wannan adalci? A kakar 1948-49 mutum sama da miliyan 41 suka biya kuɗin ƙofa a gasar Ingila, alhali iyakar albashin ɗan wasa fam 12 ce a mako. Tom Finney, ɗaya daga cikin gwanayen da Ingila ta taɓa yi, yana buga wa Preston wasa yana kuma sana'ar gyaran famfo. A 1952 Palermo ta Italiya ta yi masa tayin kuɗi mai tsoka, shugabannin Preston suka ce ba inda za shi, kuma ya zauna, don a lokacin ƙungiya ce ke riƙe da takardar ɗan wasa ko kwangilarsa ta ƙare. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin da ya rusa dokar shi ne waje. Italiya ba ta da wannan iyaka, sai gwanaye suka fara sulalewa. John Charles ya bar Leeds zuwa Juventus a 1957. A cikin gida kuma biyan ɓoye bai tsaya ba, a shekarar nan ta 1957 aka kama Sunderland da laifi irin na City. A ƙarshe ƙungiyar 'yan wasa ƙarƙashin Jimmy Hill ta yi barazanar yajin aiki, a watan Janairu 1961 aka soke iyakar, wadda a lokacin ta kai fam 20. Nan da nan Fulham ta mai da albashin Johnny Haynes fam 100 a mako. Ninki biyar a dare ɗaya. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka abin da aka yi shekaru ana danne wa 'yan wasa.

Abu biyu ne suka buɗe ƙofar zamanin da muke ciki. Na farko talabijin: a 1992 manyan ƙungiyoyin Ingila suka ɓalle suka kafa gasar Firimiya, suka sayar da haƙƙin nuna wasa a kan fam miliyan 304 na shekara biyar. Na biyu wani ɗan wasan Beljik da ba kowa ya san shi ba, Jean-Marc Bosman. Kwangilarsa da Liège ta ƙare a 1990, yana so ya koma Dunkerque a Faransa, ƙungiyarsa ta tsawwala kuɗi, cinikin ya watse, aka kuma zabge masa albashi. Ya kai ƙara. Ranar 15 ga Disamba 1995 kotun Tarayyar Turai ta ce ɗan wasan da kwangilarsa ta ƙare yana da 'yancin tafiya kyauta, ta kuma soke ƙayyade yawan 'yan ƙasashen Tarayyar a ƙungiya. Daga ranar, mai kuɗi na iya tara gwanayen nahiya guda a ƙungiya ɗaya.

Attajirai kam ba yau suka fara ba. Mu da muka tashi muna jin labarin Marseille a bakin yayyenmu mun san Bernard Tapie, wanda ya karɓi ƙungiyar a 1986 ya zuba mata dukiya. A 1993 Abedi Pele ya bugo kwana, Basile Boli ya sa kai, Marseille ta doke Milan ta ɗauki kofin zakarun Turai. A shekarar ne kuma badaƙalar sayen wasan Valenciennes ta fashe, aka ƙwace mata kofin Faransa, a 1994 aka jefa ta rukuni na biyu. Amma ko Tapie ɗan kasuwa ne, aljihunsa na da ƙarshe.

Wanda ya sauya ma'aunin shi ne Roman Abramovich, ɗan Rasha da ya sayi Chelsea a 2003 a kan kusan fam miliyan 140. Chelsea da rabonta da kofin gasa tun 1955 ta ci a 2005 da 2006, da su Drogba. A 2008 Sheikh Mansour na gidan sarautar Abu Dhabi ya sayi City, a 2011 Katar ta sayi PSG, a 2021 asusun gwamnatin Saudiyya ya karɓi Newcastle. Yanzu ba da attajiri kake gasa ba, da rijiyar man fetur kake yi. A watan Agusta 2017 PSG ta biya yuro miliyan 222 don ɗauko Neymar daga Barcelona. In ka juya shi a kuɗinmu, ya haura miliyar 145 na sefa, a kan mutum ɗaya, ban da albashinsa. Daga 2013 zuwa 2025 sau biyu kacal kofin Faransa ya kuɓuce wa PSG: Monaco a 2017, Lille a 2021.

Hukumar UEFA ta fito da nata maganin, wanda ya fara aiki a 2011: kar ƙungiya ta kashe fiye da abin da take samu. A ido doka ce mai kyau, don ta rage irin abin da ya sami Portsmouth, wadda ta ci kofin FA a 2008 bashi ya durƙusar da ita a 2010. Amma ku duba da kyau. In an ce kowa ya kashe daidai samunsa, wanda ya riga ya fi kowa samu shi zai ci gaba da fin kowa kashewa. Real, Bayern da United sun hau bene, sannan aka janye tsani. Wajen hukunci ma haka: a 2020 UEFA ta kori City daga gasar Turai na shekara biyu, kotun wasanni ta soke korar bayan wata biyar. A Ingila an cire wa Everton maki 10 a 2023, daga baya aka mai da su 6, aka cire wa Nottingham Forest 4 a 2024. Ita City, a Fabrairu 2023 aka tuhume ta da laifi 115, ta musanta su duka. Shekara 117 bayan hukuncin farko, ƙungiya ɗaya, magana ɗaya.

Masu son iyakar albashi kullum Amurka suke nunawa, kuma suna da hujja. Gasar kwandonsu ta NBA ta sa iyaka tun 1984, ta ƙwallon zari-ruga NFL tun 1994, har ƙaramin gari irin Green Bay yana cin kofi. Sai dai ana manta sauran kayan miyar. A NFL kuɗin talabijin raba daidai ake yi, ƙungiyar da ta zo ƙarshe ita ke fara zaɓen sabon gwani, ba a faɗawa rukuni na biyu, sannan 'yan wasa sun zauna da masu ƙungiyoyi sun yanke cewa kusan rabin abin da aka samu nasu ne. Ga shi kuma ba wata ƙasa da za ta saye musu gwanaye. Tamaula ba haka take ba. Sifaniya ta matsa wa ƙungiyoyinta da lissafi, a 2021 Barcelona ta kasa yi wa Messi rajista, cikin 'yan kwanaki ya sauka Paris. Yau in Turai duka ta sa iyaka, ga Saudiyya nan da ta riga ta ɗauke Ronaldo, Benzema da Sadio Mané. Abin da Italiya ta yi wa Ingila a 1957 ne zai maimaitu.

Ni dai abin da na fahimta a tarihin nan, duk lokacin da aka ce za a sa iyaka, tambayar farko ita ce wa za ta kare. Ta 1901 ta kare ƙananan garuruwa amma da guminsu Finney. Ta UEFA ta rage bashi amma ta tabbatar da manya a kujerunsu. Iyakar albashi ba tare da raba kuɗin shiga ba, ɗaure ɗan wasa ne a bar mai ƙungiya yana yawo. Kuma kar mu manta, yaran Afirka da yawa da ƙafarsu suke ciyar da dangi, shekara goma zuwa sha biyar ce gonarsu. In za a yanke, bai kamata a fara ta kansu ba.

Mu ma muna cikin lissafin. Kuɗin da kake biya a ƙofar gidan kallo, da wanda mai gidan ke kai wa Canal+ duk wata, wani ɓangarensa can yake ƙarewa. Abin da muke saye da shi guda ne: rashin sanin wa zai ci. Shi ya sa har yau ba a manta da Leicester ta 2016 ba, ko a bakin wanda ba ya goyon bayanta. Ranar da kowa ya san zakara tun watan Agusta, benci zai rage a gidajen kallo, kuma attajiran da kansu za su ji a aljihu.

A yi gardama lafiya, a tashi lafiya.