Tarihin Kalmomin Nazarin Adabi a Hausa da Matsayinsu a Ƙasar Kurfai

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin keɓaɓɓun kalmomin da ake feɗe adabi da su a Hausa, a ga inda kowane rukuni ya samo asali, sannan a duba matsayinsu a Filinge da sauran ƙasar Kurfai, cikin jihar Tilaberi. Batun ya ƙara nauyi tun daga 2025, shekarar da Nijar ta ɗauki Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuwa harsunan aiki.

2.0 Rukunai Uku

Rukuni na farko shi ne na gado. Tun kafin zuwan boko Bahaushe ya bambanta kirari da take, ya raba zambo da habaici, ya san karin magana da kacici-kacici da zaurance. Rabuwar tana da ma'auni: mai zambo yana fito da wanda ya nufa fili, mai habaici kuwa yana sakayawa, sai mai abin ya tsargu.

Na biyu ya shigo ta hannun malaman zaure, ya kuma kafu a ƙarni na 19, lokacin da rubutacciyar waƙa ta bunƙasa a Daular Sakkwato. Daga ilmin aruli da na balaga aka sami baiti da ƙafiya da tahamisi da kinaya.

Na uku ƙirƙirar jami'a ne. Da aka soma koyar da adabin Hausa da harshen Hausa a Kano da Zariya, sai malamai, waɗanda akasarinsu suka yi nazarin adabin Ingilishi, suka bukaci madadin kalmomin da suka koya. A 1973 Ɗalhatu Muhammad ya buga jerin kalmomin adabi a mujallar Harsunan Nijeriya ta Kano, kuma shi ne ya shirya ƙamus na keɓaɓɓun kalmomin harshe da adabi da koyarwa wanda ya fito a 1990. Abdulƙadir Ɗangambo ya tsara hanyar feɗe rubutacciyar waƙa, Sa'idu Muhammad Gusau kuma ta waƙar baka.

Dabarar da suka fi bi ita ce faɗaɗa ma'anar kalmar gida. Jigo, wanda asalinsa ginshiƙi ne mai ɗaukar nauyi, ya zama babban saƙon waƙa. Amsa-amo ya zauna kusa da ƙafiya. In an ce jarumi kamar zaki yake, an yi kamantawa. In an ce jarumi zaki ne, an yi siffantawa. Ba wa dabba ko abu halin mutum shi ne mutuntarwa, zuzuta abu fiye da ƙima kuwa kambamar zulaƙe.

3.0 Halin da Ake Ciki a Kurfai

Nijar ta bi wata hanya dabam. An kafa ma'aikatar yaƙi da jahilci a 1963, aka buɗe makarantar gwaji ta Hausa da Faransanci a Damagaram a 1973, aka kafa INDRAP a 1974. Taron Yamai na 1980 ya daidaita ƙa'idojin rubutun Hausa tsakanin Nijar da Nijeriya. Amma ƙa'idar rubutu dabam take da kalmomin nazari, waɗanda aka ƙera a kan sikelin Ingilishi, alhali malamin lakwal na Filinge da Faransanci ya karanta adabi.

Matsalar ta fi fitowa a batun karin waƙa. Waƙar Ingilishi ana auna ta da ƙarfin furucin gaɓa, ta Faransanci da yawan gaɓoɓi, ta Hausa kuwa da jerin gaɓa mai nauyi da marar nauyi, abin da ya sa ma'aunin aruli ya karɓe ta. Saboda haka malamin da ya ƙirga gaɓoɓin ɗango kawai, kamar yadda aka koya masa, zai iya ɗaukar daidaitacciyar waƙa a matsayin karyayyiya.

Akwai kuma batun karin harshe. Kurfayanci yana cikin kare-karen yamma, inda harafin f na daidaitacciyar Hausa yake fitowa hw ko h, har sunan ƙasar ma Kurhwai mutanenta suke cewa. J. G. Malka ya nazarci wannan furuci a Harsunan Nijeriya a 1978. A yammacin ƙasar Hausa ana kiran tatsuniya gatana. Bugu da ƙari, Kurfayawa suna zaune a Dallol Boso tare da Zabarmawa da Buzaye da Fulani, don haka adabin bakansu ya taso ne cikin cuɗanyar harsuna, ba kamar na Kano ba.

4.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a ga cewa kalmomin da suka samu karɓuwa su ne waɗanda suke da saiwa a bakin jama'a. Ya kamata masu tsara littattafan yaƙi da jahilci su fara tattara sunayen da maroƙa da makaɗa da tsofaffin Kurfai suke ba wa fasahohinsu, su jera kowane tare da takwaransa na ƙamus ɗin 1990 da na Faransanci. Inda aka sami sunan gida, shi ya cancanci shiga littafi. Inda babu, a ari na Kano da Zariya, domin ɗalibin Filinge da na Katsina su fahimci juna idan suka zauna a kan waƙa ɗaya.