Neman sawun tsohon soja cikin takardu

Yau hirarmu ta tarihi ce, a kan iyaye da kakanni da suka yi wa Faransa soja.

Tun 1857 Faransawa suka fara ɗaukar baƙar fata soja a Senegal. Shi ya sa duk sojan Afirka ta Yamma suke ce masa sojan Senegal, ko da mutumin Tasawa ne ko na Madawa. Daga 1919 aikin soja ya zama tilas. Kowace shekara a tara samari gaban kumandan, likita ya duba su, a jefa ƙuri'a. Wanda ta faɗa wa, shekara 3 zai yi. Haka aka kai mutanenmu yaƙin Hitila, daga 1939 zuwa 1945. Bayansa aka kai waɗansu Indoshin da Aljeriya.

Wan kakana yana cikin waɗanda suka tafi yaƙin Hitila. Bai dawo ba. Uwarsa ta rasu tana jiran sa. Ba a yi masa zaman makoki ba, don ba wanda ya ga gawa. Abin da ya rage takarda guda ce cikin adaka, an naɗe ta da tsumma kamar laya. Ba mai iya karanta ta a gidan. Da na buɗe, sai na ga sunansa, da shekarar da aka ɗauke shi, da wata lamba.

To, ku saurara da kyau. Lambar nan ita ce mabuɗi. Matirkil ake ce mata. Magatakardan Nasara yakan rubuta suna yadda kunnensa ya ji. Musa ya koma Moussa, Usmanu ya koma Ousmane. Wani ma sunan garinsu aka maƙala masa. Masu suna Musa suna da yawa. Amma in aka haɗa lamba da shekara da garin da aka ɗauki mutum, shi kaɗai za a samu.

Da soja suka tashi, takardunsu sun bi su Faransa. Wuri uku ne manya.

Na farko yana garin Po, ana rubuta shi Pau. Can ake ajiye takardar aikin kowane ƙaramin soja: ranar shigarsa, da bataliyarsa, da ranar da ya hau jirgin ruwa, da raunin da ya ji.

Na biyu yana garin Kan, ana rubuta shi Caen. Can takardun waɗanda suka mutu suke, da na waɗanda aka kama.

Na uku yana Binsan, wato Vincennes, kusa da Paris. Can akwai littafin kowace bataliya, inda ake rubuta abin da ya faru kowace rana. Ba kasafai ake ganin sunan ƙaramin soja a ciki ba. Amma in ka san bataliyarsa, za ka san hanyar da ya bi.

Na rubuta wasiƙa zuwa Po. Na sa suna, da lamba, da shekara, da garin. Na faɗi dangantakarmu. Bayan watanni amsa ta zo, shafi guda. Daga nan na rubuta Kan. Sai muka ji Jamusawa sun kama shi a 1940, lokacin da suka ci Faransa. Sojojin Afirka da aka kama, yawancinsu cikin Faransa aka tsare su. A can ciwon ƙirji ya kashe shi, kamar yadda ya kashe da yawa.

Na karanta wa kakana takardar da Hausa. Ya yi shiru, sannan ya ce a kira liman. Ran Jumma'a muka yi sadaka, aka yi masa addu'a.

Saboda haka, ƴan'uwa, kada ku bar gara ta ci takardun tsofaffi. Ku duba adaka. Ku tambayi dattawa tun suna da rai. Ku da kuka koyi rubutu bana, ku kwafe lambar cikin littafinku, baƙi bayan baƙi. In Faransanci ya yi wuya, ku kai wa malamin ajinku, ko ofishin tsofaffin sojoji.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.