Mai Ba Da Umarni Daban, Mai Ɗaukar Saƙo Daban

Ana yawan jingina sarrafa hanyoyin sadarwa da manhaja ga Jami'ar Stanford ta Amurka, inda Martin Casado da malamansa suka fito da tsarin Ethane a 2007, OpenFlow ya biyo baya a 2008. Su suka kai abin kasuwa, babu musu, tun da a 2012 VMware ta sayi kamfaninsu Nicira kan dala biliyan 1.26. Sai dai dabarar raba mai ba da umarni da mai ɗaukar saƙo ta girme su, gadon masu tarho ce. Tun 1965 kamfanin Bell ya kafa na'urar 1ESS a garin Succasunna, wadda manhaja ke gaya mata inda za ta haɗa kira. Daga baya aka cire saƙonnin umarni daga layin da murya ke bi, aka ba su nasu layin, tsarin da ya zama SS7. Cikin dalilan har da ɓarayin kira, waɗanda suka gano cewa sauti mai kaɗawa sau 2600 a daƙiƙa yana ruɗa na'ura ta buɗe musu layin nesa kyauta.

Wani zai ce ai intanet ta zo ne don ta rushe wannan tsari na raba umarni da saƙo, domin kowace na'urar rarraba saƙo tana jin labarin hanya daga maƙwabtanta ta yanke wa kanta shawara. Haka aka gina ta, amma hakan na da tsada. Na'urar da ba ta ganin dukan hanyar dole a bar mata sarari mai yawa saboda gudun cunkoso, shi ya sa manyan layuka kan yi aiki da kashi 30 zuwa 40 kawai na ƙarfinsu. A 2013 Google ya bayyana cewa tsarinsa na B4, mai tsara zirga-zirga daga cibiya ɗaya, yana cika wasu layukan kusan maƙil. Kuɗi ne ya mayar da injiniyoyin intanet gidan da suka baro.

Sukar da ta fi nauyi ita ce idan cibiya ta yi kuskure kowa ya shiga uku. Ana kafa hujja da 4 ga Oktoba 2021, ranar da umarni guda lokacin gyara ya katse Facebook da WhatsApp na kusan awa shida. To amma ranar 15 ga Janairu 1990 layukan nesa na AT&T sun durƙushe na kusan awa tara ba tare da wata cibiya ta ba da umarni ba: na'urori 114 masu manhaja iri ɗaya ne suka riƙa kayar da juna saboda aibi guda a sabon gyaran da aka saka musu. Haɗarin yana wajen watsa canji ɗaya ko'ina kafin a gwada shi sosai. A Facebook ma akwai manhajar da aka ɗora wa tantance irin wannan umarni, ita kanta tana da aibi, ta bar shi ya wuce.