Keɓe Ƙwaƙwalwa Domin Binciken Rushewar Kwamfuta: Martani ga Masu Kiransa Asara

Akwai ra'ayin da ya yaɗu tsakanin masu kula da kwamfutoci cewa keɓe wani yanki na ƙwaƙwalwar aiki, wato ma'ajiyar wucin gadi inda na'ura ke riƙe abin da take sarrafawa, domin adana bayanan rushewa, almubazzaranci ne. Hujjar tana da ƙarfi a wuri irin Gezawa, inda akan dogara da tsofaffin na'urori na hannu masu ƙaramar ƙwaƙwalwa, amma da alama ba ta yi la'akari da abin da ke faruwa a lokacin rushewar ba.

Tsarin da ke amfani da wannan keɓewa, wato kdump, wanda ya shiga manhajar Linux a 2005, sananne ne. Tun na'ura na tashi ake yanke yankin da umarnin crashkernel, a ajiye ƙaramin kanel na biyu a cikinsa, kanel kuwa shi ne zuciyar manhajar da ke tafiyar da na'ura. Idan na farko ya rikice, na biyu ya karɓi ragama ta hanyar wata dabara mai suna kexec, ya kwashe abin da ke cikin ƙwaƙwalwar zuwa faifai kafin a sake kunnawa komai ya goge.

Masu suka kan tambaya: me zai hana a nemi wurin bayan matsalar ta auku? Nan ne kuskuren yake, domin kanel da ya rikice ba abin amincewa ba ne wajen raba ƙwaƙwalwa, lissafinsa na inda ke cike da inda ke fanko na iya kasancewa shi ne ma ya lalace, kuma katin sadarwa ko faifai kan ci gaba da zuba bayanai kai tsaye a inda aka umarce su tun da farko. Sai yankin da ba a taɓa bai wa kowa ba ne ke tsira. Manomin Gezawa da ke rataye damin irin gero daban da na rumbu, ba ya taɓa shi ko da bazara ta yi tsanani, ya san ranar shuka ba ranar neman iri ba ce.

Duk da haka, dole a rage faɗin da'awar. Idan aka keɓe megabait 192, a na'ura mai gigabait 2 an cinye kusan kashi ɗaya cikin goma, kuma mai na'urar zai ji nauyin. Abu mafi muhimmanci, kdump ba ya tsinana komai idan wuta aka ɗauke ko janareta ya mutu, domin kanel na biyu ma sai da lantarki yake tashi. Saboda haka hujjar keɓewa ta fi tsayawa a kan uwar garke, wato kwamfutar da sauran ke dogara da ita, irin ta cibiyar jarrabawa ko ofishin adana bayanai, musamman wadda ke da batirin ko-ta-kwana kuma take yawan sandarewa ba tare da dalili bayyananne ba. Ko a can ɗin ma sai an sami mai iya karanta fayil ɗin da aka kwashe.