Yadda ake kare sirri a waya da kwamfuta: Android, iPhone, Windows, Mac da Linux

Kare sirri a na'ura na nufin rage bayanan da waya ko kwamfuta ke fitarwa game da mai ita, tare da toshe hanyoyin da wani zai bi ya shiga ba da izini ba. Waya ɗaya kan ɗauki lambobin dangi, hotuna, saƙonnin murya da asusun kuɗi irin su Orange Money, MoMo ko Airtel Money. Ɗan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Garwa, Njamena da Kano da layuka biyu ko uku, idan wayarsa ta faɗa hannun wani, jarinsa da asirin gidansa ne suka tafi tare. Yawancin na'urori suna da kariyar da ake buƙata a cikinsu, sai dai wani ɓangarenta a kashe yake zuwa, sai mai ita ya kunna.

Abin da ya shafi kowace na'ura

Mataki na farko shi ne makullin allo. Lambar sirri mai lamba 6 ko fiye ta fi zanen yatsa, domin na kusa yana iya haddace zane da kallo ɗaya. Na biyu shi ne sabunta manhajar na'ura duk lokacin da sanarwa ta zo, saboda ta nan kamfani ke toshe ɓarakar da aka gano. Na uku shi ne mallakar asusu. Sau da yawa mai shago ne ke buɗe wa mai saye asusun Google, ya kuma san kalmar sirrin. Ya kamata a canza ta a ranar.

Layin waya ma yana da tasa lambar, wato PIN. Idan ba a kunna ta ba, ɓarawo zai iya zare layin ya sa a wata waya, ya riƙa karɓar lambobin tabbatarwa na banki da na WhatsApp. Kuskure sau 3 yana rufe layin, sai da lambar PUK da ke jikin katin da aka sayo shi da shi. Layin wata ƙasa da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba, kamfani yana iya ba wani lambar, don haka a raba shi da duk wani asusu kafin a yasar da shi.

Android

Wayoyin Tecno, Infinix, itel da Samsung duk da Android na kamfanin Google suke aiki. Tun daga Android 6 na shekarar 2015, dole manhaja ta nemi izini kafin ta taɓa kyamara, makirfo, lambobi ko wurin da mutum yake. Android 10 ya ƙara zaɓin ba da izinin wuri a lokacin amfani da manhajar kawai, Android 11 ya kawo izini na sau ɗaya, Android 12 na 2021 kuma ya kawo koren ɗigo da ke fitowa a saman allo idan kyamara ko makirfo na aiki. A wayar da ke da Faransanci, ana samun waɗannan a Paramètres, ƙarƙashin Confidentialité. Manhajar tocila ko ta wasa ba ta da dalilin neman lambobin mutane.

Babbar barazana a Android ita ce manhajar da aka turo daga wajen Play Store, ta Xender ko a shagon masu tura waƙoƙi da finafinai. Kwaikwayon WhatsApp irin su GB WhatsApp ba na kamfanin ba ne, kuma amfani da su na iya jawo rufe asusu. Wani lokaci matsalar daga kwali take fitowa: a 2020 wani binciken kamfanin Upstream ya gano muguwar manhajar Triada a cikin dubban wayoyin Tecno W2, ciki har da na Kamaru da Ghana. Barin Play Protect a kunne yana taimakawa wajen kama irin wannan.

iPhone

Tun daga iOS 14.5 na Afrilun 2021, manhaja sai ta tambaya kafin ta bi sawun mutum zuwa wasu manhajoji don talla, kuma ana iya hana duka a Réglages. A Janairun 2024, iOS 17.3 ya kawo kariyar wayar da aka sace, wadda ke neman fuska ko yatsa kafin a canza muhimman saituna idan wayar ta yi nisa da inda ta saba. Akwai kuma tsauraran tsaro mai suna Mode Isolement, da ya zo da iOS 16 a 2022, domin 'yan jarida da masu fafutuka. Buƙatarsa ta shafi yankin nan: a 2020 cibiyar Citizen Lab ta Kanada ta bayyana cewa an hari wayoyin limaman coci da 'yan adawa a Togo da manhajar leƙen asiri ta Pegasus. Wanda zai sayi iPhone na hannu ya tabbata tsohon mai shi ya cire asusunsa na iCloud.

Windows

Microsoft ya daina aika gyaran tsaro na yau da kullum ga Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025. Windows 11 yana buƙatar guntun tsaro mai suna TPM 2.0, wanda tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su da shi. A saitunan sirri ana iya kashe lambar talla, a kuma bar bayanan da ake aika wa kamfani a kan waɗanda suka zama dole. Kalmar sirrin shiga kaɗai ba ta hana wanda ya ciro faifan ajiya karanta shi a wata kwamfuta. BitLocker ne ke kulle abin da ke cikin faifan, amma a rubuta lambar ceto a takarda a adana, domin idan ta ɓata bayanan sun tafi ke nan. Fasassun manhajojin da ake sawa kyauta a kasuwa sanannun hanyoyi ne na shigar da ƙwayar cuta.

Mac da Linux

A Mac, FileVault ne ke yin aikin BitLocker. Linux kuwa kyauta ne, kuma nau'o'insa irin su Ubuntu da Linux Mint suna aiki a kwamfutar da Windows 11 ya ƙi. Ana zaɓar kulle faifai ne a lokacin saka shi. Wani nau'in mai suna Tails daga filas yake tashi, ba ya barin sawu a kwamfutar idan an zare shi.

WhatsApp da hannun jama'a

Tun 2016 saƙonnin WhatsApp a kulle suke tsakanin mai aikawa da mai karɓa. Ajiyar da ke zuwa Google Drive ko iCloud tana da nata kullen tun 2021, amma sai an duba an kunna shi. Tabbatarwa mai mataki biyu, Vérification en deux étapes, tana hana sace asusu ko da an samu lambar SMS. Kada a karanta wa kowa wannan lambar ta waya, ko da ya ce daga kamfani yake. Kafin a bar waya wurin mai caji, a kashe ta. Kafin a kai ta wurin mai gyara, a cire layi da memori. Kafin a sayar da ita, a fita daga duk asusu sannan a goge komai.

Doka

Ghana ta yi dokar kare bayanan mutane a 2012, Chadi a 2015, Nijar a 2017, Najeriya a 2023, Kamaru a Disambar 2024. Yarjejeniyar Malabo ta Tarayyar Afirka, wadda aka amince da ita a 2014, ta fara aiki a Yunin 2023. Waɗannan dokoki kan tanadi damar kai ƙara gaban hukumar ƙasar da abin ya faru. Wanda aka sace wa waya kuwa, abu na farko shi ne ya sa kamfanin sadarwa ya rufe layin, sannan ya canza kalmar sirrin Google ko iCloud daga wata na'ura.